Dogon da muka shimfiɗa a zauren Baba

Shekara 11 ke nan ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan Sakkwato. Duk shekara idan muka zo babin yadda zafi ke miƙar da ƙarfe, misali ɗaya nake kawowa, wanda ke cikin littafi: masu shimfiɗa layin dogo suna barin 'yar tazara tsakanin ƙarfe da ƙarfe, don idan rana ta buɗe ya sami wurin miƙewa. In zana a allo, yara su kwafa, su haddace, su juye mini a jarrabawa, in ba su maki. Ban taɓa tambayar yara nawa ne a ajin suka taɓa ganin dogo da idonsu ba.

Ga shi kuwa Sakkwato ba ta da jirgin ƙasa. Dogon da Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, nan ya ci birki har yau. Da can muna iya bugun ƙirji mu ce jiharmu na da jirgi, amma da aka yanke Zamfara a 1996 sai ta tafi da dogon da tashoshinsa gaba ɗaya. Ni kaina sau biyu kacal na shiga jirgi, duka daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa Idu ta Abuja, kuma ina ta kallon daji ta taga, ko sau ɗaya ban leƙa ƙasa ba.

Wata Asabar na shiga kasuwa neman wa yarinyata takalmin makaranta, sai na ci karo da wani kwali a tsibin kayan gwanjo. A ciki akwai kan jirgi ɗaya, taragu 4, 'yan guntayen dogo da ƙaramar taransifoma. A ƙarƙashin kan jirgin an rubuta Lima, wani kamfanin Italiya. Mai kayan ya ɗauka abin wasan yara ne da ya lalace, ni ma haka na ɗauka, muka yi ciniki ba gardama. Na kai wa wani mai gyaran rediyo a unguwarmu ya duba. Ya goge ƙafafun, ya jona waya biyu a jikin dogon, abu ya yi ƙara, ya motsa. Wuta ce mai ƙarfin bolt 12 ke bi ta ƙarafunan biyu, ƙafafun jirgin su ɗauke ta su kai wa ƙaramin injin da ke ciki. Kafin la'asar shagon ya cika da yara, har da waɗanda gemunsu ya yi furfura.

Cikin masu furfurar akwai wani dattijo da ya yi aikin reluwe a Gusau da Ƙaura har ya yi ritaya, ya dawo unguwar Mabera wurin 'ya'yansa. Kowa Baba yake ce masa. Shi ya ce a kawo abin zaurensa, akwai fili. Kafintan layinmu ya shigo ciki don shi zai haɗa tebur. Haka muka zama mu huɗu, duk Asabar bayan la'asar, da butar shayi a kan gawayi.

Ba zan ɓoye ba, da farko zaman nan ya riƙa cin raina. Ni mutumin jadawali ne. Nakan zo da takarda na rubuta aikin ranar, amma sai mu shafe awa guda ba a taɓa ko ƙusa ba. Kafinta na kukan tsadar katako. Mai rediyo na ba da labarin wanda ya kawo masa fanka tun azumin bara bai dawo ɗauka ba. Baba kuwa daga ciwon gwiwarsa sai farashin albasa, daga albasa sai auren jikarsa, daga nan sai yadda ake loda auduga da gyaɗa da fatu a tashar Gusau. In ce, "Baba, mu koma kan aiki mana." Ya ce, "Malam, jirgin ga ina za shi da kake sauri?"

Ranar da muka fara haɗa dogon a kan tebur, Baba ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga dogo ba irin namu ba na."

Na ce, "Kamar ƙaƙa, Baba?"

"Ya cika hwaɗi. Namu bai kai haka ba."

Na so in yi masa musu, don abin da faɗinsa bai kai na ɗan yatsa biyu ba ta ina za a gane ya cika faɗi? Da na koma gida na yi lissafi sai jikina ya yi sanyi. Irin wannan jirgin ana ce masa HO, an rage komai nasa sau 87. Tsakanin ƙarafunansa milimita 16.5 ne. Ka ninka da 87, ka sami 1,435, wato faɗin dogon Turai, irin wanda aka shimfiɗa daga Abuja zuwa Kaduna aka buɗe a 2016. Tsohon dogonmu da Baba ya yi wa hidima ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067. Da shi za a rage sau 87, da bai wuce milimita 12 da 'yan kai ba. Tsohon bai riƙe rula ba, girman tarago kawai ya gwada da faɗin dogon a idonsa. Asabar ta gaba na faɗa masa ya yi gaskiya. Ko a jikinsa, ya ci gaba da zancen albasa.

Lambar nan 87 ita ta fara shiga ajina. Na sha fama da yara a kan lissafin ragi da ninki, sai na ce kowa ya ƙera wani abu da za mu ɗora a teburin, amma sai ya auna na gaske ya raba da 87. Mutum mai tsayin mita 1.74 ya koma santimita 2. Ɗaki mai tsayin mita 3 ya koma santimita 3 da rabi. Suka kawo rumbunan laka, da giginya da aka murɗa da wayar tsohuwar fanka, da bishiyar kuka ta soso. Jar ƙasa muka tankaɗe da rariya muka liƙa da gam. Wani yaro ya kawo raƙumi na yumɓu, kyakkyawa, sai dai ya fi rufin tashar tsayi. 'Yan ajin ne da kansu suka yi masa lissafin, da ihu, ban ce uffan ba. Wata yarinya kuma ta tambaya, in za mu ja dogo daga Sakkwato zuwa Gusau a wannan ma'auni, tebur nawa muke bukata? Muka ɗauki kilomita 200 muka raba, ya ba mu kusan kilomita 2.3. Aji ya yi tsit. Wani ya ce ya ga bidiyon wani gida a Hambug ta Jamus, Miniatur Wunderland, inda aka cika hawa-hawa na bene da irin wannan jirgi. Na ce haka ne, tun 2001 aka buɗe shi, kuma yawancinsa da 87 ɗin nan tamu aka auna.

Sai abin kunyar.

Wani ɗan'uwan mai rediyo da ke karatu a Ingila ya aiko mana da dogaye na kamfanin Peco, masu tsawon yadi guda, waɗanda ake lanƙwasawa yadda aka ga dama. Muka shimfiɗa su a watan Agusta, ruwa na zuba. Teburin na falankai ne da aka jera gefe da gefe, don kuɗinmu bai kai na filawud ba. Jirgin ya riƙa yin tsaye-tsaye a mahaɗar ƙarafuna saboda wuta ba ta wucewa sosai. Mai rediyo ya ce a ɗan ɗiga dalma a wuri biyu ko uku. Ni kuma, da zafin nama irin na mai son a gama, na dawo ni kaɗai ranar Juma'a da dare na narka dalma na liƙe kowace mahaɗa, na matse ƙarfe da ƙarfe ko gashi ba zai shiga ba, na bi da ƙananan ƙusoshi na danne. Jirgi ya riƙa gudu sumul. Na sha yabo, na kuma karɓa.

Hunturu ya zo da nasa. Ƙura ta riƙa kwanciya a kan dogon, jirgi ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya. Wannan mai sauƙi ne: tsumma da ɗan sifirit kafin a kunna, da tsohon zanen gado a rufe in an tashi. (Na taɓa gwada samfefa, mai rediyo ya ƙwace daga hannuna, ya ce ƙarzar da take yi ita ke ƙara tara datti.) Amma da Maris ya kama, zafi ya fara haura digiri 40, sai jirgin ya soma gocewa a kwana ɗaya tak, ta gefen ƙofar zaure. Kullum nan.

Asabar uku ina ɗora wa ƙafafun taragu laifi. Na ciro su na wanke. Na liƙa wa kowane tarago notin ƙarfe don ya yi nauyi. Na rage gudu. Har na fara zargin jikokin Baba da taɓa mana kaya in ba ma nan, Allah ya taimake ni ban furta ba.

A Asabar ta huɗu ina duƙe ina gumi, su kuma suna hirarsu. Baba ya fara da gwiwa kamar kullum, ya ce zafin nan ya fi mata daɗi a kan sanyi. Daga nan ya gangara zuwa bazarar Ƙaura. Ya ce, "Lokacin ga na shekara ba mu da hutun rana. Tsakar rana muka bin dogo da ƙahwa muna dubi. Inda duk tazara ta cike, ƙarhe ba shi da wurin zuwa, sai ka ishe shi ya karkace kamar maciji. Wata rana munka ishe..." Ni dai rabin kunne na ba shi. Sai kafinta ya karɓe, shi ma ba da ni yake ba, kukan sana'arsa yake yi. Ya ce ai shi bazara ba ta yi masa rana, ƙofar da ya haɗa wa wani da damina ga ta can yanzu haske na shiga ta tsakanin falankai, mai gida na cewa ya cuce shi, alhali katako ne ya sha ruwa ya kumbura, rani ya zo ya tsotse shi.

Na ajiye abin da ke hannuna. Na kwantar da kaina a kan tebur na kalli dogon ta tsawonsa, yadda Baba ya yi ranar farko. Ga shi nan ƙuru-ƙuru, a tsakiyar kwanar ƙarfen waje ya ɗan turo, ya tashi daga mazauninsa. Na leƙa ƙarƙashin tebur, falankan nan da muka matse a Agusta kowane ya tsuke.

Abin da na shekara 11 ina rubutawa a allo shi na take da ƙafata. Na san lissafin sarai: ƙarfe mai tsawon mita 12, in zafi ya ƙaru da digiri 30, zai miƙe wajen milimita 4. Har tambaya nake sa wa a jarrabawa da shi. Kuma ko da na tuna da littafin, rabin amsa zai ba ni, domin miƙewar ɗan siririn dogonmu ba ta kai rabin milimita a kowace mita ba. Babban mai laifin katako ne. Katako ba ya raguwa sosai ta tsawonsa, ta faɗinsa yake tsukewa in ya bushe, kuma a kwanar nan ne dogon ya ratsa falankan a gicciye. Ƙasa ta tsuke, sama ta miƙe, ni kuma na liƙe duk wata kafa da za su sasanta. Wannan babu shi a manhajar da nake koyarwa. Kafinta ya san shi tun yana yaron shago.

Da na yi musu bayani, Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, ashe kai ma ɗan makaranta na." Mai rediyo bai ce komai ba, ya dai kalle ni, ya kalli dalmar, ya zuba mini shayi.

Gyaran bai ɗauki awa biyu ba. Muka zare ƙusoshin kwanar, muka yanka dogon da ƙaramin zarto a wuri 5, muka bar tazarar da katin waya zai shiga ya fita. Mai rediyo ya ɗinke kowace tazara da 'yar waya mai lanƙwasa ta gefe, wuta ta wuce, ƙarfe kuma ya sami wurin motsi. Filawud sai bayan sallah, in an yi albashi.

A zangon da ya biyo baya, da muka iso babin zafi, ban taɓa alli ba. Na nemi izinin shugaban makaranta na kwashi 'yan aji, goma-goma, zuwa zauren Baba. Na ba kowa katin waya ya zura a tazarar da safe. Na nuna musu inda na yi ɓarna, tabon dalmar na nan ban kankare ba. Na roƙi Baba ya yi musu bayanin minti 10 a kan dogo. Ya yi minti 40, kuma fiye da rabi a kan wani direban jirgi ne mai son fura da yadda ake shigar da shanu tarago. Na ga agogo na tafiya, bakina ya yi ƙaiƙayi, na danne. A cikin labarin shanun ne ya faɗi dalilin zuba tsakuwa a ƙarƙashin dogo, cewa ita ke riƙe shi kada ya zame, ita ke tsiyaye ruwan sama. Yara uku sun kawo wannan a jarrabawa ba tare da na tambaya ba, ɗaya har da furar.

Yanzu rigimar da ke gabanmu ta allon tasha ce. Baba ya dage sai an rubuta Ƙaura Namoda, don nan dogo ya tsaya kuma shi ba ya ƙarya ko a wasa. Kafinta ya ce tebur nasa ne, a Mabera yake, Sakkwato za a rubuta, in gwamnati ba ta kawo ba mu mun kawo. An yi Asabar biyu ana ja, allon na nan fari. Raƙumin nan kuwa mai shi ya ƙi zuwa ya ɗauka, yana tsaye bayan tasha yana leƙen rufi.