Baƙin mai a ƙafar wandon Yaya

Talata, bayan isha'i.

Hannuna har yanzu warin esansi yake yi, sau uku ina wankewa da sabulu.

Ban gama buɗe garaji ba Yaya ya iso a kan kekensa mai inji da ƙafa uku, wanda na haɗa masa saboda ba ya iya tafiya, Auta na biye da shi a ƙasa. Wai gaisuwa ce ta kawo shi. Muna gaisawa idona ya faɗa kan ƙafar wandonsa ta hagu: tabon baƙin mai, an wanke ya ƙi fita. Na duƙa na leƙa injin. Silinda duk ta yi danƙo, ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta toshe tsakanin haƙarƙarinta. Wannan ba zubar jiya ba ce.

Na ce, "Yaya, tun yaushe yake zubarwa?" Ya ce, "Kwana biyu ne." Auta ya sunkuyar da kai. Sai da Yaya ya tafi shan shayi yaron ya gaya mini an fi wata biyu, kuma kowane mako sai sun biya bakin babbar kasuwa an ƙara rabin lita.

Kawu ya hana ni taɓa kile, wato sifana. Ya ce a fara wankewa, don sau da yawa robar murfin supap (bawul ɗin saman injin) ce ke yoyo, man ya gangaro, a ɗora laifin kan jowan kilas, wato faifan da ke toshe tsakanin silinda da kilas, kan da ke rufe ta. Muka wanke da esansi, ya bushe, na barbaɗa toka, muka tayar. Minti goma ba a yi ba toka ta jiƙe daidai layin da kilas ya zauna kan silinda, gefe guda. Sama kuwa a bushe. Na busa ɗan tiyon da injin ke numfashi ta cikinsa, a buɗe yake. Ba makawa sai an sauke kilas.

Da na ɗaga shi ne gabana ya faɗi. Jan silikon shafe a kan jowan, dama-dama, har wani guntu ya leƙa cikin hanyar da mai ke bi. Ni ban taɓa sa silikon a wurin nan ba, zafin wurin ba nasa ba ne, kuma in guntunsa ya toshe hanyar mai, saman injin ne zai ci kansa. Ke nan an taɓa buɗe injin nan a wani wuri. Yaya ya kai keken da na haɗa masa da hannuna wurin wani, ya biya kuɗi, don kada in sani.

Na ɗora kilas a kan gilashi na zura ma'auni. Milimita 0.05 ta shige tsakaninsu, 0.10 ma ta shige ta gefen da ke yoyon. Ya ɗan lanƙwashe, zafi ya yi masa yawa. Kawu bai ce komai ba, sai ya ƙwanƙwasa farantin ƙarfen da na walda a gaban injin bara, wanda na sa don kare ƙafafun Yaya daga zafi da taɓo. Injin 150 ne, iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ni kuma na tare masa ita. Ga nauyin ƙafa biyu a baya, ga yashin unguwarsu da ba a fita sai da giya ta ɗaya. Laifin daga wurina ya faro.

Kusan awa biyu ina goga kilas kan takardar yashi da na shimfiɗa a gilashi, da ɗan ruwa, ina juya hannu kamar mai zana 8, har tabon ya ɓace ko'ina ya yi fari ɗaya. Yaya na zaune a kan benci yana kallo. A nan na kasa haɗiyewa.

"Yaya, me na yi maka da za ka ɓoye mini?"

Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "Kai ka yi mini ƙafa, ba ka karɓi ko dala ba. Sai kuma in dawo in ce maka ƙafar tana ciwo?"

Na ce da man ya ƙare maka a hanyar Tibiri da tsakar rana fa, wa zai ɗauko ka? Ya ce Allah na nan. Na ce na sani, amma ni ma ina nan. Ya kau da kai yana jan carbi. Wata shida na yi ina haɗa keken nan dare-dare, ina murnar ranar da zai daina jiran a kai shi masallaci, ban taɓa kawo wa raina cewa nauyi na ɗora masa ba. Shi ya goya ni lokacin da nake da ƙafa shi ba shi da ita, a kan keken hannu yake kai ni lakkwal. Yau shi ne yake jin kunyata.

Sabon jowan, mai tsadar na saya, ban yi ciniki ba. Na ɗaure goro huɗun, wato notocin da ke riƙe kilas, a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku. Na daidaita supap, na zuba sabon mai. Farantin kuma na yanke rabinsa, sauran na huda shi. Ƙafarsa za ta ɗan ji ɗumi, na gaya masa.

La'asar a masallacin bayan garaji. Tuwo bai shiga ba yau.

Da Yaya zai tafi ya ciro jika biyu ya ajiye kan benci. Na so in mayar masa, Kawu ya riƙe mini hannu ya girgiza kai. Suna nan cikin aljihuna, ban san abin da zan yi da su ba.

Jibi da safe zai dawo in sake bin gorunan nan injin na sanyi. Na ba Auta kwali ya shimfiɗa ƙarƙashin keken da dare, in ya ga ko ɗigo ɗaya ya kira ni. Uwargida ta ce a aiko da wandon, za ta gwada jiƙa wurin da kananzir.