Kazar leda a Ingila

Cikin abubuwan da suka ba ni wuya da na zo Ingila, bayan sanyi da neman ɗakin haya, har da daina wanke ɗanyar kaza. A gidan da na fara zama kicin ɗaya muke haɗawa da wasu ma'aikata, kuma ƙa'idarsu ita ce kaza daga leda sai tukunya. Na daɗe kafin zuciyata ta aminta da haka.

Dalilinsu wata ƙwayar cuta ce mai suna kamfilobakta. A hanjin kaza take zaune, kazar kuwa lafiyarta lau, sai wajen yanka da fiɗa ƙwayar ta shafi fata da tsoka. Ita ce kan gaba cikin bakteriyar da ke jawo gubar abinci a Birtaniya. Binciken da hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar, FSA, ta yi daga 2014 zuwa 2015 ya same ta a kashi 73 cikin ɗari na kajin da aka gwada daga kantuna. Kaji ne fa masu kyan gani, a naɗe tsaf, da kwanan wata a jikin leda.

Ruwan famfo ba ya kashe ta. Fantsama yake yi, ya kai ta kan cokula da hannun riga da ganyen da za a ci ɗanye, kuma 'yar kaɗan ta isa ta kwantar da ƙato. Ciwon yakan bayyana bayan kwana 2 zuwa 5: murɗawar ciki, zazzaɓi, gudawa, wani lokaci har da jini. Ga baƙo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kana kwance kai kaɗai, babu mai miƙo maka ko ruwa, aikin da ake biya da awa kuma yana wucewa.

Wuta ce maganinta. Yanzu ina da katako da wuƙa na nama daban, ɗanyar kaza tana can ƙasan firji a rufe don kada ruwanta ya ɗiga kan wani abinci, kuma nakan wanke hannu da sabulu da na taɓa ta. Ba na sauke ta sai tsakiyar cinya ta kai digiri 75, babu sauran ja kusa da ƙashi. Duk sabon zuwa da na sauka, kafin in nuna masa tashar bas nake gaya masa wannan.