Harafin ƙarshe a lambar karayar kwarmin ido

Yau fayil ɗaya tal ya cinye min safiya gaba ɗaya wallahi. Ga waɗanda ba su san aikina ba, a nan Amurka ina zaune ne gaban kwamfuta ina mayar da rubutun likita zuwa lambobin da kamfanin inshora zai duba kafin ya biya, tsarin ICD-10-CM kenan, wanda aka koma kansa tun 1 ga Oktoba 2015.

Wani saurayi ne ƙwallo ta buga a idon dama, ƙashin da ke ƙasan kwarmin ido ya fashe, ƙashin nan kuwa siriri ne kamar ɓawon ƙwai, bugu kaɗan ya isa. Ya dawo asibiti karo na uku, likita ya rubuta cewa har yanzu in ya ɗaga ido sama abu biyu-biyu yake gani, kuncinsa ma a mace yake, ya kuma ce ya sake dawowa bayan sati huɗu. Shi ke nan fa. Bai ce ƙashin na kamawa yadda ya dace ba, bai kuma ce ya yi jinkiri ba.

To a nan gizo ke saƙar. Lambar wannan karaya S02.31 ce, gurabe biyar kenan, a cike gurbi na shida da X, sai harafi na bakwai da ke nuna matakin da jinya take. D na nufin ya dawo dubiya kuma ɗori na kamawa lafiya lau, G ya dawo amma warkewar na jan ƙafa, K ƙashin ya ƙi haɗewa sam. Sababbin shiga da yawa sun ɗauka harafin A na zuwan farko ne kawai, a'a, A na nan muddin ana kan ainihin magani ne, ko da tiyata ce a sati na biyu. Kuma raunin irin wannan ba a sa masa lambobin Z na kulawar bayan magani, harafin nan shi ke ɗauke da labarin duka.

Zuciyata ta ce G ce, ai duk alamu sun nuna. Amma ba ni da hurumin yanke wannan, ba ni na ga hoton CT ba, wato hoton na'ura da ke nuna ƙashin, kuma ganin biyu-biyu na iya zama tsokar ido ce ta maƙale alhali ƙashin na warkewa kalau. In na sa D don in huta, gobe a nemi sabon hoto ko tiyata inshora na iya cewa to me ya kawo haka tunda fayil ya ce komai lafiya, sai yaron nan da iyayensa su kama yawon waya, abin da ke ci min rai kenan.

Sai na tura wa likitan tambaya, ita ma da ƙa'idarta, ba a jan shi zuwa amsar da ake so, zaɓi kawai na jera masa.



Bayan azahar amsa ta zo, layi ɗaya: warkewa ta yi jinkiri. Na sa S02.31XG, na rufe fayil ɗin, sannan na tashi na ɗumama shayina.