Amsar da ta zo a makare

Yau na yi intabiyu a wani kamfanin zuba jari a Legas, har yanzu tafin hannuna bai bushe ba. Na kwana ina hadda, ashe ba ita ake nema ba. Matar da ke jagorantar zaman ta ture takardun digirina gefe, ta ce, "Babban Banki ya ƙara kuɗin ruwa. Yaya farashin sukuk ɗin gwamnati da muka saya bara zai kasance?" Wallahi na sani: farashin sukuk ɗin, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, faɗuwa zai yi, tunda sabbin takardu za su fi shi biya. Amma bakina ya ƙi buɗuwa sai da na shiga lifta.

Shekara 4 ina karatun tattalin arziki, ban taɓa zaunar da mutum na yi masa wannan bayanin da bakina ba.