Talata a Derby: ni da Kaka da Margaret Beckett

Tun asuba ake tsuga ruwa. Iska ta karya mini lema kafin in kai tashar bas, na isa gidan tsofaffin da nake aiki jiƙe sharkaf. Dama raina ba daɗi. Jiya sakamakon jarrabawar rijistar aikin jinya ya fito, ban ci ba, karo na biyu ke nan.

Tsohuwar ɗakin ƙarshe, wadda nake ce wa Kaka tana dariya, ita ta fara gane fuskata. Da na kai mata shayi ta sa na jawo durowa, na ɗauko wata takardar kamfe da ta koɗe, ta jam'iyyar Labour ta Birtaniya, ta zaɓen 1983. Ta ce da ƙafarta ta bi gida-gida tana raba ta. Hoton Margaret Beckett ne a jiki. A zaɓen nan da ratar ƙuri'a 421 kacal matar ta ci kujerar majalisar dokoki ta Derby ta Kudu, bayan shekara huɗu tana waje, tun da aka kayar da ita a Lincoln a 1979. Kujerar da ta samu da kyar ita ta riƙe har 2024.

Kaka ta fi daɗewa kan 1994. John Smith, shugaban jam'iyyar Labour, ya rasu kwatsam a watan Mayu, Beckett tana mataimakiyarsa, sai riƙon jam'iyya ya faɗo hannunta. Ta nemi shugabancin, Tony Blair ya kayar da ita. Kujerar mataimaki ma John Prescott ya karɓe. Biyu babu. Ni da zan tattara komatsaina in koma gida, amma ita ta zauna, da Blair ya zama firaminista ta yi masa minista: kasuwanci, jagorancin majalisa, muhalli, sannan a 2006 ta zama mace ta farko da ta riƙe harkokin wajen Birtaniya. Shekara ɗaya da 'yan makonni ta yi, Gordon Brown ya gaji Blair ya sauya ta.

Na ce, "Kaka, ai ta goyi bayan yaƙin Iraki." Ta yi shiru, ta ce wannan kam ba ta yafe ba. Na ji daɗin da ba ta kare ta ba.

Abin da ya ba ni dariya shi ne motar hutu. Minista guda, amma ita da mijinta Leo sai su ɗaura ƙaramin ɗakin kwana mai taya a bayan mota su tafi hutu, 'yan jarida na ta yi musu ba'a. Na tuna jerin gwanon motocin da na saba gani a Abuja, na ƙyalƙyale har Kaka ta tambaye ni lafiya.

Na dawo gida bayan magariba, na ɗumama miyar kuka. Umma ta kira daga Zariya, ban gaya mata zancen jarrabawa ba tukuna. Littattafan na kan tebur inda na jefar da su jiya. Gobe aikin dare gare ni.