Godiyata ga waɗanda suka kai ni, ga kuma tsarabar da na riƙo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, na iso gida lafiya. Daren Talata na sauka a filin jirgin Diori Hamani, na kwana biyu a Yamai, jiya kuma bayan la'asar motarmu ta shigo Tawa. Tun daga Birnin Ƙonni nake kallon gero ya yi kore shar a bakin hanya, zuciyata ta cika. Saƙonnin barka da dawowa sun yi mini yawa a waya, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, kowa ya ɗauki nasa.

Ga waɗanda ba su san inda na je ba: mako 2 na yi a wani ƙauye a ƙasar Jamus, a wani kwas da ake tara ɗalibai masu koyon binciken kimiyyar gani. Su can suna kiransa makarantar lokacin zafi, mu kuwa a nan tsakiyar damina ce. Mu kusan 30 ne daga ƙasashe daban-daban, malamai da ɗalibai duk a gida ɗaya muke kwana, a teburi ɗaya muke cin abinci. Malamin da ya ba ka darasi da safe shi ne zai zauna kusa da kai da dare, ka yi masa tambayar da kunya ta hana ka yi a aji.

Baba, da kai zan fara. Na san ba abu ne mai sauƙi ba uba ya bar ɗiyarsa ta tafi ƙasar da ba ta da kowa. Kwana uku ka yi ba ka ce mini komai ba, rana ta huɗu bayan asuba ka kira ni, ka ce in je, in riƙe sallata, in dawo da abin da zai amfani mutane. Na riƙe. Magariba a can sai bayan ƙarfe 9 na dare, asuba kuma kafin ƙarfe 4, amma Allah ya ba ni iko. Kawu, na ji labarin zaman da kuka yi da Baba a zaure, duk da ba ka taɓa faɗa mini ba. Allah ya saka maka da alheri, ya bar zumunci.

Inna, masu shirya kwas ɗin sun ɗauki nauyin kwana da abinci, amma kuɗin jirgi da na takardu a kanmu suke. Ragon da kika yi wata da watanni kina kiwo, kina ba shi dusa da harawa da hannunki, shi ya tafi kasuwa. Ban manta ranar da aka ja shi ba, kin shiga ɗaki ba ki tsaya kallo ba. Iyayena mata na adashi kuma, wadda kwasa ta zo kanta ta ce a ba Inna, ita ta jira wani zagayen. Wata ta aiko da jaka 5, wata jaka 2, wata tsohuwa ta ƙulle dala-dala a bakin zane ta kawo da kanta. Ban ambaci sunan kowa ba don na san ba don a ji kuka yi ba. Wanda kuka yi dominsa ya sani.

Malamata ta Jami'ar Abdou Moumouni, ke kika fara nuna mini sanarwar, ke kika rubuta takardar shaida, kika mayar mini da takardar neman gurbina sau uku da jan biro har ta miƙe. Na gode, Malama. Ƙawata ƴar Sakkwato da muke ɗaki ɗaya a Yamai, mu da Faransanci muka yi karatu tun daga lakwal, can kuwa komai da Ingilishi ake yi. Wata 4 kina zama da ni kowane dare, kina sa ni in bayyana miki darasin ido da Ingilishi, ba ki taɓa yi mini dariya ba. Yaya kuma, babur ɗinka ya san ƙofar kowane ofishi. Akwai takarda guda da ta maƙale a wani ofishi har saura kwana 5 tafiya, kullum sai a ce mu dawo gobe. Ranar da na zauna a bakin hanya ina kuka, kai ka ce in tashi, ai goben ba ta ƙare ba. Ta fito.

To, yaba kyauta tukwici. Ba ni da tukwicin da ya kai abin da kuka yi, sai dai in buɗe muku tsarabar.

Darasin farko da sunan Ibnul Haisam aka buɗe shi, malamin nan haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira shekaru kusan 1000 da suka wuce. A zamaninsa masana da yawa suna ganin ido ne ke fitar da wani haske ya taɓa abu. Shi ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Da na faɗa wa Baba wannan a waya, sai da ya sa na maimaita sunan.

Daga nan aka shiga cikin idon kansa. A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani siriri mai ɗauke da ƙwayoyin kama haske kimanin miliyan 100. Iri biyu ne: masu siffar tsinke, waɗanda ke aiki a duhu, da masu siffar mazurari, waɗanda ke rarrabe launi da rana. Amma jijiyar da ke ɗaukar saƙo zuwa ƙwaƙwalwa zare miliyan 1 da ɗoriya kawai gare ta. Ke nan tun a cikin ido ake tace labari, a taƙaita shi, kafin a aika. Wurin da muke gani tar da shi kuma ɗan ƙarami ne, bai wuce faɗin babban yatsa ba idan ka miƙa hannu. Shi ya sa ido ba ya zama wuri ɗaya, yana tsalle kamar sau 3 a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa tana ɗinke gutsattsarin. An ɗora mini haɓa a kan wani ƙarfe, na'ura tana bin ƙwayar idona ina karatu, daga baya aka nuna mini sawun idona a allon kwamfuta. Ni na ɗauka a hankali yake bin layi, ashe dira yake yi daga kalma zuwa kalma.

Ku gwada wannan a gida. Ku miƙa hannaye biyu, manyan yatsu a tsaye. Ku rufe idon hagu, ku kafa na dama a kan yatsan hagu, sannan ku riƙa janye yatsan dama zuwa dama a hankali. Akwai inda kan yatsan zai ɓace. Nan ne jijiya ke fita daga ido, babu ƙwayar kama haske ko ɗaya a wurin. Kowa yana yawo da wannan gurbi tun ranar haihuwa, ƙwaƙwalwa ce ke cike shi ba mu sani ba. Daren jiya na nuna wa ƙannena a tsakar gida, har Inna sai da ta gwada.

Wata rana aka zaunar da mu a ɗaki mai duhu ƙirin muna danna maɓalli duk lokacin da muka ga ɗigon haske. Bayan kamar minti 30, ɗigon da ba ka iya gani da farko sai ya bayyana. Abin da ke faruwa da mu ke nan idan aka ɗauke wuta da dare. Sinadarin da ke yin wannan aiki a ido da bitamin A ake gina shi, aikin da ya ba George Wald kyautar Nobel a 1967. Ƙarancinsa na kawo dundumi. Kakata takan ce a gasa wa mai dundumi hanta, kuma hanta na cikin abincin da ya fi ɗauke da wannan bitamin, haka zogale da karas da mangwaro suna taimakawa. Na zauna a cikin duhun nan ina tuna ta.

Amma abin da ya hana ni barci, wanda saboda shi nake roƙon ku karanta har ƙasa, shi ne darasin rana ta shida. Gani ba a ido yake ƙarewa ba, a ƙwaƙwalwa ake kammala shi, a ɓangaren da ke ƙeya. (Yaya, don Allah ka riƙa sa hular kwano. Bugu a ƙeya na iya taɓa gani ko da ido lafiya lau yake.) David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami Nobel a 1981, sun yi gwaji a kan ƴaƴan kyanwa a Amurka. Sun rufe ido ɗaya a watannin farko na rayuwa, da aka buɗe daga baya idon ba shi da wani rauni, amma ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa, ɗaya idon ya mamaye wurinsa. Da aka yi haka ga babbar kyanwa, ba a ga wannan ɓarna ba. Na tausaya wa dabbobin nan ƙwarai, amma abin da aka gano ya ceci ganin yara masu yawa: ƙwaƙwalwa koyon gani take yi, kuma koyon yana da lokacinsa.

Kakata ta yi shekaru da yanar ido, sai an ja ta zuwa bayan gida. Da aka yi mata aiki aka cire bandeji washegari, ta gane kowa, har ta ce zanen Inna ya koɗe. Ita ƙwaƙwalwarta ta riga ta iya gani tun tana ƙarama, taga ce kawai ta rufe. Jaririn da aka haifa da yana ba haka yake ba. Idan ba a yi masa aiki a watannin farko ba, ko an cire daga baya ganin ba zai cika ba. Haka yaron da ido ɗaya ya karkace, wanda muke kira harara-garke, muna cewa zai miƙe idan ya girma. Ƙwaƙwalwarsa takan yi watsi da karkataccen idon don kada ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Likitoci na kiran wannan ambiliyopi. Maganinsa sau da yawa tabarau ne da rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi a rana, don a tilasta wa ɗayan aiki, wani lokaci kuma da tiyata. Ya fi cin nasara kafin shekara 7, bayan nan sai ya ƙara wuya.

Ina zaune a ajin nan fuskar ɗiyar Yaya ce a gabana. Shekararta 4, idonta na hagu yana shiga ciki, ni kaina da nake karatun likita na sha cewa a bari ta ƙara girma. A daren na kira Yaya. Don haka iyaye, idan jariri ya wuce wata 6 ido yana karkacewa, ku kai shi wurin likitan ido. Idan kuka ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro, ko a hoton waya ne, kada ku kwana biyu kuna shawara, domin ban da yana akwai ciwon dajin ido da ke fara nuna kansa haka. Kuma kada a ɗiga wa yaro wani abu a ido sai wanda likita ya rubuta.

Kowa ya gabatar da ɗan aikinsa a babban kwali. Nawa a kan awon ganin ƴan firamare ne da allon harafin E, wanda yaro ke nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta da yatsu, ko bai iya karatu ba. Kusa da ni wasu na nuna aikin da aka yi da na'urorin miliyoyi, gabana ya faɗi. Sai wani dattijon malami ya tsaya ya fi minti 20 yana yi mini tambayoyi, ya gyara mini yadda zan lura da hasken aji da tazarar allo. Da ya tambayi ƙasata, na gaya masa cewa a ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makantar kogi, wadda ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa, bayan yaƙin da aka faro a yankinmu tun 1974. Da yawansu ba su taɓa ji ba. Ni kuma na lura yawancin binciken da aka karanta mana a kan idanun mutanen Turai da Amurka aka yi shi. Yaranmu da ke tashi cikin ƙura da hasken rana mai ƙarfi, da amodari a wasu ƙauyuka, su ma sun cancanci a auna su da kyau, kuma mu ne za mu yi.

Ga masu shirya kwas ɗin, na rubuta muku godiya da harshenku, amma ina so mutanena su sani: kun karɓe ni da mutunci. Mai dafa abinci ta riƙa ware mini nawa ba tare da na roƙa sau biyu ba. Abokiyar ɗakina, wadda ba Musulma ba ce, da kanta ta nemo mini alƙibla a waya, ba ta taɓa nuna damuwa da tashina na asuba ba.

Duk wanda ya yi mini addu'a, da wanda ya yi niyyar taimako bai samu hali ba, Allah ya ba ku lada cikakke. Wanda na ɓata wa rai a cikin rigimar shirin tafiya, ya yafe mini. Iyayena na adashi, Inna ta ce ranar Juma'a bayan la'asar kuna taruwa a gidanmu. Zan zo da allon E ɗin, ku taho da jikokinku mu auna su a inuwar bedi, wanda ya kamata a kai asibiti in faɗa muku. Ranar Litinin kuma, in Allah ya yarda, ni da Yaya za mu kai ɗiyarmu wurin likitan ido. Ku sa ta a addu'a.

Wassalamu alaikum.