Kafin ka cike injiniya a fom ɗin JAMB

Duk shekara da zarar JAMB ta saki sakamako sai wayata ta cika da saƙonnin ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa. Hoton maki ne, a ƙarƙashinsa tambaya ɗaya: "Yaya, wannan zai ba ni injiniya?" Ba na iya cewa e ko a'a, domin sai na san wace jami'a, wane sashe, kai ɗan wace jiha ne, kuma wa zai riƙe ka shekara biyar idan an ɗauke ka. Ni ban yi wa kaina waɗannan tambayoyin ba a lokacin da ya kamata, shi ya sa na shiga aji ɗaya da waɗanda na girma nesa ba kusa ba.

Abin da ya fara ruɗa ni shi ne kat-of, wato mafi ƙarancin makin da ake karɓa. Akwai na JAMB, wanda ake yankewa a taron shugabannin makarantu kowace shekara: 140 ne ga jami'o'i a 2023 da 2024, aka ɗaga shi zuwa 150 a 2025, cikin maki 400. Akwai na jami'a, wanda ke ba ka damar sayen fom ɗin Post-UTME, wato tantancewar da jami'a ke yi da kanta bayan jarrabawar JAMB. Waɗannan biyun ake yaɗawa a rediyo da Facebook, kuma babu wanda ke ba ka kujera a cikinsu. Na ukun shi ne mai yanke hukunci, ga shi ba kasafai ake manna shi a allo ba: makin mutum na ƙarshe da sashen ya ɗauka kafin gurabensa su cika. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, ana duba malamai da ɗakunan gwaji da na koyon aiki. In guraben sun cika, sun cika, ko da mutum ɗari ne suka haye makin da aka sanar.

Ni makina ya haura 200 da kaɗan. A makarantarmu na fi kowa, a unguwa har an fara kira na Injiniya. Kuma ba a yi ƙarya ba, maki ne mai kyau: a 2024 kusan kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka zauna jarrabawar ba su kai 200 ba. Abin da ban gane ba shi ne, ba da wancan taron nake takara ba. Masu neman sashen lantarki a babbar jami'ar tarayya daga cikin ragowar kashi 24 ɗin suke fitowa, kowannensu shi ne gwanin makarantarsu, kowannensu ana kiran sa Injiniya a unguwarsu. A cikin wannan layin ni ina can baya. Na cike jami'a ɗaya, sashe ɗaya, ban ko waiwayi wani wuri ba. Aka fitar da jerin farko babu sunana, na biyu babu, na ƙarshe babu.

Ku fahimci yadda ake raba guraben a jami'o'in tarayya, don a nan ne lissafin yake. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ayyana a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko. Mu 'yan Arewa mukan ji wannan kashi 20 ɗin sai mu saki jiki. Amma Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da Bauchi da Borno da Yobe duk suna cikin jerin. Idan ka nemi ABU ko BUK, kusan duk wanda ke zaune kusa da kai a ɗakin jarrabawa shi ma yana da wannan damar, to ina fifikon? Abin da ya fi amfani shi ne ka bincika ko jiharka tana cikin yankin jami'ar da kake nema, sannan ka nemo ɗan jiharku da ke aji ɗaya a wannan sashen, ka tambaye shi da maki nawa ya shiga, kuma nawa ne mafi ƙanƙanta da ya sani a ajinsu. Ka tambayi mutum uku ko huɗu. Amsarsu ta fi ta mai shagon intanet da ya cike maka fom, wanda shi bai taɓa shiga ofishin ɗaukar ɗalibai ba.

Sai ƙananan abubuwa da ke kayar da masu maki mai yawa. Injiniya a UTME, wato jarrabawar JAMB, Turanci ne da Lissafi da Fizis da Kemistiri. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO, waɗannan huɗun na ciki, kuma dole ka je cibiyar CBT a ɗora sakamakon a shafinka na JAMB. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamako bai koma ya ɗora ba, ba a ma ganin sa. Manyan jami'o'i kuma galibi wanda ya sa su a zaɓin farko kaɗai suke kulawa.

Bayan an ƙi ɗaukata, wani kawuna malamin makaranta ya zaunar da ni. Ya ce in canza zuwa injiniyan albarkatun ruwa ko na aikin gona, ko in sauya jami'a gaba ɗaya, ga ta fasaha a Minna, ga ATBU a Bauchi, ga ta Wudil a kusa da gida. Na ce masa ni lantarki nake so, kuma a jami'ar da na zaɓa. Gaskiyar magana, sunan makarantar nake so in riƙa faɗa a majalisa. Ban san cewa a shekarar farko duk 'yan injiniya darussan kimiyya iri ɗaya suke ɗauka ba, a ta biyu ma yawancin kwasa-kwasan na kowa da kowa ne. Wasu jami'o'in har sukan bar mai sakamako mai ƙarfi ya sauya sashe, ko da yake wannan ba abin dogaro ba ne. Na ƙi jin maganar kawu, na ce zan sake zama.

Zaman jiran nan shi ne abu mafi tsada a duk harkar, kuma ba a rubuta shi a kowace takardar kuɗin makaranta. Sakamakon UTME na shekara ɗaya ne, in ta wuce ya mutu. Sai sabon fom, sabon kuɗin lesin, sabuwar tafiya zuwa Post-UTME. Ga lissafin da ka baro a aji shida yana zubewa a hankali, don wanda ke tsare shagon yayansa daga safe zuwa magariba ba ya buɗe littafin Fizis da dare, komai niyyarsa. Ba na cewa kada kowa ya sake zama. Idan maki kaɗan ya hana ka, kuma kana da inda za ka zauna ka yi karatu na gaske, shekara ɗaya ba asara ba ce. Amma in tazarar da ke tsakaninka da na ƙarshen da aka ɗauka mai faɗi ce, ka tambayi kanka me zai canza a bana wanda bai faru bara ba.

A cikin wannan jiran ne kwaɗayi ya buɗe mini ƙofar wahala. Wani ya ce yana da mutum a ciki. Mahaifiyata ta sayar da tumakinta aka ba shi, daga nan wayarsa ta daina shiga. A zamaninmu ana iya cewa duhu ne ya yi yawa. Ku kam ba ku da uzuri: tun 2017 ake bayar da gurbi ta manhajar CAPS, kana ganin matsayinka a wayarka, kai za ka danna karɓa ko ƙi. Duk gurbin da bai bi ta nan ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma matsalarsa tana jiran ka ranar tafiya bautar ƙasa.

Yanzu batun kuɗi. Da na samu shiga daga baya, abin da na kai wa Baba shi ne kuɗin rajista kawai, shi ma ya duba ya ce ba komai. Kafin zangon farko ya ƙare muka gane rajista ce mafi sauƙi. Ɗakin kwanan ɗalibai ba ya isar kowa, sai haya a waje. Ga abinci, ga kuɗin mota, ga kayan zane, ga kwafin takardu, ga kwamfutar da za ta iya ɗaukar AutoCAD da MATLAB, ba kowace irin ba. A aji huɗu akwai SIWES, wata shida kana koyon aiki a masana'anta ko kamfani, sau da yawa a garin da ba ka da kowa, kuma alawus ɗin da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke biya ba ya riƙe mutum. A aji biyar ga furojet, wanda in na haɗa na'ura ne daga aljihunka za ka sayi komai. Kuma shekara biyar ɗin a takarda take. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, mai gidan haya kuwa bai shiga yajin ba. In ka faɗi wani kwas mai nauyi ka ƙara shekara, ita ma da kuɗinta. Don haka ku yi lissafin shekara shida, ku ƙara wani abu a kai saboda tashin farashi. Waɗanda suka shiga kafin 2023 sun ga yadda jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista a shekarar da aka cire tallafin mai, har gwamnatin Kano ta biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar nasu a BUK.

Akwai sauƙin da mu ba mu samu ba. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara aiki a 2024, yana biya wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin rajista kai tsaye, yana ba da naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Ku nema, amma bashi ne, kuma 20,000 ba ta ciyar da ɗalibi wata guda. Asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF da hukumomin tallafin karatu na jihohi ma ku gwada, sai dai kada a gina shirin shekara biyar a kan kuɗin da bai shigo hannu ba.

Masu tunanin ƙetare kuma, lissafinku da dala ne. Dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,000 da nisa. Yaƙin Sudan ya koro ɗalibanmu a Afrilun 2023 karatu bai ƙare ba, a Janairun 2024 kuma gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo.

Ni ta kwalejin kimiyya da fasaha na bi a ƙarshe, hanyar da na raina tun farko. Na yi difloma ta shekara biyu, na fito da sakamako mai kyau, na shiga jami'a aji biyu kai tsaye. Akwai kuma IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da ABU ke kula da ita, ita ma aji biyu take kai mutum. Guraben shiga kai tsaye ba su da yawa, kada wani ya ce muku tabbas ne, amma ko ba a ɗauke ka ba kana da takarda da sana'a a hannu. Da muka haɗu da waɗanda suka fara daga aji ɗaya, sun fi ni lissafi, ni kuma na fi su sanin abin da ke cikin akwatin wuta.

Duk inda za ka, ka tabbatar NUC da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, sun amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar, don amincewar ta kwas-kwas ce, ba ta makaranta dungurungum ba, kuma sai da ita za ka yi rajistar injiniya ba tare da wahala ba. Sannan ka ɗauki takarda ka rubuta makarantu uku: wadda kake buri, wadda makinka ya isa a zahiri, da wadda gidanku zai iya riƙewa ko abubuwa sun taɓarɓare. Ka zauna da wanda zai biya, Baba ne ko Yaya ko kawu, ka nuna masa jimillar shekara shida, ka bar shi ya faɗi gaskiyar abin da zai iya. Ke ma ƙanwata, ki sa batun masauki da nisan gari a teburin tun yanzu, kada sai gurbi ya fito a ce ba za ki tafi ba. In lissafin ya nuna a canza makaranta ko kwas, a je cibiyar CBT a canza kafin jami'ar ta rufe fom ɗin Post-UTME.